Saukar da Hajiya Daga Hawa Na Biyar

Mutum na farko da ya yi mana magana da harshen gida a Istanbul, shi ne ya cuce mu. Jibrin sunansa, ɗan unguwar Bololo ta garinmu Injamena, dillalin marasa lafiya: ya tarbe ka a filin jirgi, ya kai ka asibiti, ya yi maka tafinta, ya nema maka masauki. Da ya ga mahaifiyata a kan keken asibiti sai ya zube har ƙasa, ya ce, "Lale, lale, Iya! Kin zo gida." Nan take hankalina ya kwanta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ciwon suga ne ya ci mata ƙafar dama. Likita a Injamena ya ce a yanke daga gwiwa, mu kuwa muka ce a'a, muka sayar da filin da mahaifinmu ya bari, muka nemi hanyar Turkiyya. Ƙanwata Hawwa ce ya kamata ta rako ta, amma tana da tsohon ciki. Sai tafiyar ta faɗo kaina, ni Abakar, ɗan fari.

Kowane Bahaushe ya san kunyar da ke tsakanin uwa da ɗan fari, amma ta mahaifiyata ta fi ta kowa a unguwarmu Ambassatna. Tun kafin a yaye ni kakata Inna ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Ƙannena suna ce wa mahaifiyarmu Iya, ni kuwa Hajiya nake ce mata, kamar wani maƙwabci. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, ba ta miƙo min abu hannu da hannu. A gida Hawwa take aika: "Ce wa wancan ya zo ya ci abinci." To, a Istanbul babu Hawwa. Sai Hajiya ta koma yi wa bango magana. Ta dubi bango ta ce, "A miƙo ruwa," ni in tashi in kawo. Na kai shekara arba'in da 'ya'yana biyu, amma bango ya fi ni samun hira.

Masaukin da Jibrin ya kama mana a wani bene yake, hawa na biyar. Mu da muka saba damina ta narkar mana da katangar laka, ginin siminti ai ƙarshen tsaro ne. Har hoto na ɗauka na tura wa Hawwa don ta ga matsayin da muka taka. Na dai lura ginin ya yi shiru da yawa. Babu takalma a bakin ƙofofi, babu labule a tagogi, babu ƙamshin girkin kowa. Da na tambaya, Jibrin ya ce mutanen sun tafi hutu ƙauye. Akwai asansor, akwatin nan mai hawa da sauka da mutane, shi ya sa ban damu da tsawon benen ba. Asibiti kuma sun karɓe mu da kyau. Suka buɗe mata jijiyoyin ƙafa, suka ce akwai fatan ba za a yanke ba, da sharaɗi biyu: ta riƙa zuwa wankin ƙafar a kai a kai, kuma kada ta kuskura ta taka ƙafar.

Wata rana bayan Azahar ina kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa da muka zo da ita daga gida, sai na ji wani gurnani daga ƙasa, kamar tankar yaƙi ta shigo lungu. Tagogi suka hau rawa, cokula suka zube. Hajiya ta ga yaƙi a Injamena ba sau ɗaya ba, ta taɓa tsallaka kogi gudun hijira zuwa Kusuri da tukunya a ka. Ta san abin yi, ni ma na sani.

"An fara!" in ji ta. "A rufe ƙofa! A kwanta ƙasa!"

Na danna sakata, na turo firij na tokare ƙofar, na ƙara da teburi. Ta gangaro daga gado, muka kwanta rub da ciki nesa da taga, muna jiran harbi na biyu. Ni har na gama yanke hukunci juyin mulki aka yi. Can sai muka ji ana dukan ƙofa.

"Kada a buɗe. Sojoji ne."

Amma muryar mace ce, kuma tsohuwa. Na rarrafa na leƙa ta taga. Unguwar kaf ta fito, an tsaya a wani fili mai ciyawa, kowa ya ɗaga kai yana kallon gine-gine. Babu soja ko ɗaya.

Da ƙyar na janye firij. Wata gajeriyar tsohuwa ce mai ɗankwali, tana haki saboda hawan bene. Ta dubi firij, ta dubi teburi, ta dube mu, sai ta hau dukan cinyoyinta tana cewa, "Deprem! Deprem!" Na kara mata wayata ta fassara. Girgizar ƙasa. Garin duka yana gudu waje, mu mun kulle kanmu a ciki har da tokari.

Ban taɓa sanin sunanta na yanka ba, kowa Teyze yake ce mata, wato goggo. Ita kaɗai ta rage a ginin, a hawan ƙasa. Ta kama wuyan hannuna kamar yaron da ya yi laifi, ta ja ni har ɗakin ajiya na can ƙarƙashi. Ta nuna min ginshiƙan da ke ɗauke da benen. Ta sa makulli ta kankare ɗaya, sai ga yashi yana zubowa, har da ɓawon katantanwar teku a ciki. Ta nuna min ramukan da masu binciken gini suka huda. Wayata ta riƙa kawo maganarta guntu-guntu: an duba ginin, an ce ba zai jure ba, za a rushe shi, mutane sun tashi. Ita tana jiran ɗanta ya samo mata wuri, kuma daga gadonta zuwa titi ba nisa.

Sannan ta haɗa tafukan hannunta biyu, ta goga su da ƙarfi har ɗaya ya kufce. Ta ce a ƙarƙashin tekun nan da nake gani daga taga akwai wata doguwar tsaga a cikin ƙasa. Ta daɗe ba ta motsa sosai ba, kuma daɗewar ce abin tsoro. Wannan da muka ji atishawa ce. Babbar tana nan tafe, kowa a garin ya sani har yaran makaranta, ranar ce kawai ba a sani ba.

Na hau bene na koma ɗaki. Duk abin da ya taɓa ba ni tsoro a duniya, harsashi ne ko ambaliya, ƙasa nake kwanciya a kai in ji sauƙi. Yau an ce min ita ƙasar ce ba ta da amana.

Teyze ta ba mu usur guda, ta ce a rataya a wuya, idan gini ya danne mutum da shi ake gano inda yake. Ta ce a ajiye takalmi da gorar ruwa a gefen gado. Idan ta fara, a duƙunƙune a jikin gado har ta tsaya. Da ta tsaya a sauka nan da nan, domin takan dawo, kuma dawowar ce ke ƙarasa ginin da ya tsage. Ba a nan alherinta ya tsaya ba. Ta lura da abin da na kasa faɗa, cewa namiji ba zai yi wa uwarsa wanka ba. Sai ta riƙa hawowa da bokitinta da sabulunta, ta kore ni waje. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin su, wannan tana Turkanci, waccan tana Hausa da Larabci, suna ta dariya. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan.

Ba a daɗe ba aka yanke wutar asansor, tunda ginin na rushewa ne. Ranar wankin ƙafa ta zo. Na durƙusa a gaban gado na juya baya, na ce, "Hajiya, ki hau in sauke ki."

Ta dubi bango. "A matsa."

"Likita ya ce kada ki taka."

"An ji. A matsa."

Ta zame daga gado ta zauna a ƙasa. Ta ɗaga ƙafar mai ciwo sama, ta dafa da hannu biyu, ta ja jiki har bakin matakala. Haka ta sauka, da zama, mataki bayan mataki, tana hutawa tana salati, ni ina biye da ita da keke a kafaɗa kamar wawa. Da hantsi muka fara, rana ta yi tsaka kafin mu kai ƙasa. Hawa kuwa ya fi haka, da baya take yi, lafayarta ta yi baƙi da ƙura. Ina kallonta ina auna abu ɗaya a zuciyata: in girgiza ta same mu a sama, ko hawa ɗaya ba za mu sauka ba.

Na je na sami Jibrin a wani shagon shayi. Na ce masa ya san ginin na rushewa ne ya sa mu a ciki.

"Ya akuy, ma fi mushkila," in ji shi da Larabcin gida, wato ɗan'uwa babu matsala, yana juya cokali. "Ajali ko a Ambassatna yana nan. Kai ba musulmi ba ne?"

"Kai a wane irin gini kake kwana?"

Ya ɗauki kofinsa ya kurɓi shayi. Daga baya na ji a sabon gini yake, mai hawa biyu. Na ce ya mayar mana da abin da muka ba shi na haya mu nemi wani wuri, ya ce ya riga ya shiga hannun mai gida. Na ɗaga murya, ya tuna min cewa takardun zamanmu ta hannunsa suke bi, kuma shi ne bakinmu a asibiti. Na haɗiye sauran maganar, na fito ina jin kamar in yi ihu a tsakiyar titi.

Na shiga neman ɗaki da kaina. Wani ya ga fuskata ya ce an riga an kama. Wani ya ce sai hayar shekara. Inda aka yarda da ni kuwa ramuka ne a ƙarƙashin gine-ginen da suka fi namu tsufa. Kullum nakan dawo ƙafa a kumbure, ba labari.

Tsoro ya zama min ciwo. Na ajiye kofin ruwa a kan teburi, idona kullum a kansa. In babbar mota ta wuce, sai zuciyata ta faɗi. Ina sujada sai in ji kamar dardumar tana zamewa. In na fita sayen burodi gudu nake yi, ina waiwayen benen ko yana nan. Na rame har wando ya daina zama. Ba abin da nake kewa kamar tsakar gidanmu lokacin zafi, a shimfiɗa tabarma a waje, babu komai a samanka sai sama, ana jin ƙarar kalando, baburan haya, daga bakin titi. Na yi wa Hawwa waya na faɗa mata komai. Ta fashe da kuka, ta ce a ba ta Iya. Ina ji tana roƙonta, "Iya, don Allah ki bari ya riƙa goya ki, ai ɗanki ne." Hajiya ta ce, "Ke, yaya cikin naki?" Magana ta ƙare.

Ranar da haƙurina ya ƙare, mun dawo ne daga wanki, tafin hannunta ya sale har yana jini. Na ce mata Teyze ta ce mu gwada saukar gaggawa ina goye da ita ko sau ɗaya, don mu san yadda za mu yi.

Ta ce wa bango, "Gara gini ya rufe ni."

Ban san lokacin da na tsaya tsakaninta da bangon ba. "Hajiya, ni ne a nan, ba bango ba! In ya rufe ki, ni ma ya rufe ni, don wallahi ba zan sauka in bar ki ba. Ina da 'ya'ya biyu a Ambassatna. Kunyar nan taki marayu za ta mayar da su!"

Tunda nake ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta sunkuyar da kai, ta gyara lafaya. Na shiga kicin na yi kuka kamar ƙaramin yaro, kukan tsoro da na nadama a haɗe. Kwanaki suka wuce ko bangon ba ta yi wa magana ba. Da ta buɗe baki, abin da ta ce shi ne, "Idan ta motsa, a sauka. Kada a jira kowa. An yafe."

Ta motsa ranar wata Talata kafin La'asar. Wannan ba atishawa ba ce. Ɗakin ya tafi gefe ya dawo, firij ya yi tafiya da kansa, kwanuka suka tarwatse. Na faɗa jikin gado, na ja Hajiya ƙasa, ta duƙunƙune tana kalmar shahada. Siminti ya riƙa zubo mana a ka. Na ga bango ya buɗe baki daga kusurwar taga har ƙasa, haske yana shigowa ta ciki. Sai ta tsaya. Ginin ya ci gaba da wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, kamar itace a wuta. Daga can ƙasa usur ɗin Teyze yana ta kira.

"A sauka," in ji Hajiya.

Ban roƙe ta ba, na gaji da roƙo. Na sa takalmina, na buɗe ƙofa, na dawo na zauna a ƙasa kusa da ita, na miƙe ƙafa.

"A sauka, na ce!"

Na ce, "Ina nan."

Wani ɓangaren rufi ya faɗo a kicin. Fuskokin 'ya'yana suna gilmawa a idona, amma na zauna. Sai na ji motsin zane. Hajiya ta warware lafayarta, ta jefo min ita a cinya. Ta dube ni, ido cikin ido.

"Durƙusa."

Na durƙusa. Ta kama kafaɗuna ta hau. Ashe ba ta da nauyi ko kaɗan, ciwo ya cinye ta ban sani ba. Na ja lafayar na fara ƙullawa a ciki.

"Ba nan ba, sakarai. A ƙirji ake ɗaurewa. Ɗaga ni sama. Yauwa. Kama na ƙasan ka soke."

Muka shiga matakala. Ƙura ta cika ta, fitila babu, ɓaraguzai a ko'ina. Ina dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da ƙafarta kada ta bugi ƙarfe. A hawa na huɗu ginin ya sake karkarwa. Na tsaya cak, na ce shi ke nan, tamu ta ƙare a nan. Ta matse ni da hannuwanta, ta sa bakinta kusa da kunnena.

"Tafi. Kada ka tsaya."

Na ci gaba. Numfashinta yana dukan wuyana. Muna cikin sauka sai ta fara magana a hankali, kamar mai ba da labarin wata.

"Sau ɗaya na taɓa goya ka. Inna ta tafi gidan suna, ta bar ka kana barci. Na shiga ɗakinta na rufe ƙofa, na ɗauke ka na goya. Ina ta zagaya ɗakin. Ka yi min fitsari a baya, ban sauke ka ba. Sai da na ji sallamarta a zaure."

Hawaye da ƙura sun rufe min ido, da ƙafa nake laluben matakala. Ban san yadda muka wuce sauran hawan ba. Na dai ga haske, na ga Teyze a bakin ƙofa da usur a baki, ta ƙi tafiya fili ta bar mu. Ta kama gefen lafayar ta ja mu kamar akuya, har tsakiyar ciyawa.

Ginin bai faɗi ba a ranar. Amma ma'aikata sun zo sun zagaye shi da igiya, ba wanda ya sake hawa. Tukunyarmu da sauran kuɓewarmu suna can har aka rushe shi. Ɗan Teyze ya zo ya kwashe mu tare da uwarsa, ya ba mu wani ɗaki a bayan shagonsa na gyaran kujeru, ƙasa da ƙasa, rufin kwano. Shi ya raka ni asibiti muka karɓi takardunmu ba tare da Jibrin ba. A ɗakin nan muka ƙarasa jinya. Aka cire mata yatsu biyu, ƙafa ta tsira. Har muka bar garin ban daina kallon kofin ruwa ba, kuma ranar da muka yi sallama da Teyze na kasa haɗa ido da ita, don mu mun tafi, ita tana nan zaune a kan tsagar.

Da muka dawo Injamena gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka dafa shayi, Hawwa tana gefe da jaririnta. Hajiya ta zauna a tsakiya tana ba da labari, yadda ƙasa ke gurnani, yadda muka tokare ƙofa da firij, mata suna ta salati suna dariya. Sai wata maƙwabciya ta ce, "To Iya, ke da ba kya takawa, wa ya sauko da ke daga sama?"

Ina tsaye a bakin zaure da butar shayi a hannu. Hajiya ta gyara lafaya, ta kawar da kai daga inda nake.

"Turkawa ne," in ji ta. "Ma'aikata. A kujera suka sauko da ni."

Hawwa ta juyo ta dube ni. "Haka aka yi, Yaya?"

Na ce, "Haka aka yi."

Har yau a gidanmu Turkawa ne suka sauko da ita. Wanda ya ji wannan daga bakina, in ya je gaishe ta a Ambassatna, don Allah ya bar shi a haka.